Daga Wuri Zuwa Naira: Darajar Kuɗi a Tarihin Kasuwar Jega



An nemi in yi magana a kan ginshiƙan sashen nan na ilmin tattalin arziki da yake duban ƙasa a dunƙule, watau wanda ba ya tsayawa a kan cinikin mutum ɗaya ko ribar kamfani ɗaya, sai dai ya tambayi yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, da matsayin farashi baki ɗaya, da canji, da haraji, da jimlar abin da ƙasa ta samar a shekara. Ni sana'ata harshe ce, saboda haka zan shiga ta ƙofar da na sani, ta kalmomi da tarihi. Galibi ɗalibanmu suna koyon waɗannan abubuwa da misalan Ingila da Amurka, har su ɗauka cewa baƙin al'amura ne. Alhali kuwa kasuwar Jega kaɗai ta isa littafi. Abin da nake so in nuna shi ne, shekara ɗari biyu ke nan manomin Danwarai ko na Maiyama yana kai amfaninsa kasuwa yana karɓar kuɗi, amma darajar kuɗin nan ba a gonarsa ake yanke ta ba, ba kuma a kasuwar garinsu ba. Daga nesa take zuwa masa, wani lokaci ta hanyar ambaliyar kuɗi, wani lokaci ta hanyar ƙamfarsu.

Mu fara da wurin. Gimbana, inda Malam Abdussalami almajirin Shehu Usmanu ya zauna da jama'arsa, tana nan a wannan yanki, kuma harin da rundunar Gobir ta kai mata a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820, a bakin Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Zaɓen wurin ya dace ƙwarai. Gulbin yana haɗuwa da na Kabi ya faɗa Kwara, saboda haka jiragen ruwa suna iya kaiwa Yawuri da ƙasar Nupe. Ta tudu kuma ayarin fataken da suka fito daga Kano da Katsina da Sakkwato za su Gwanja sayen goro sukan ya da zango a nan. Gishirin Fogha da kanwa da dabbobi daga arewa da yamma, tufafin Kano da na Nupe, goro daga kudu, da kuma bayi, duk a Jega suke haɗuwa. Ko da tawayen Kabawa ya ɓarke a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyoyin yamma suka yi wuyar bi, kasuwar ba ta mutu ba, har ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu.

To, da me ake ciniki? Amsar tana cikin bakinmu. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Duk sa'ad da ma'aikacin baitulmali ya ce kuɗin gwamnati, to, a asalin magana cewa yake yi wuraren nan na teku masu yawa, ko da bai sani ba. Ana ƙidayarsu da hauya, watau ashirin, da zangu, watau ɗari, da zambar, watau dubu, sa'an nan keso guda shi ne wuri 20,000, wanda yake kimanin kayan ɗan dako ɗaya. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Amma ba a gulbinmu ake tsintarsa ba. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya yake fitowa, jiragen Turawa su kai shi Turai, su sake ɗauko shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, daga baya kuma manja. Daga gaɓar teku yake hawowa ta ƙasar Yarbawa da Nupe har ya iso Jega.

A nan akwai darasi na farko. Abin da ya sa wuri ya yi aikin kuɗi shekaru aru-aru shi ne, ba ya ruɓewa, ba a iya ƙera na jabu, yana da ƙanƙanta har tsohuwa ta sayi daddawar wuri biyar, kuma, wannan shi ne muhimmi, samunsa yana da wuya. Mutanen Maldibs ba su iya tara fiye da wani adadi a shekara, tafiyar kuma doguwa ce. Ba Sarkin Gwandu ba, ba Sarkin Musulmi ba, babu mai ikon ƙara ko wuri ɗaya a ƙasa. Nisa da teku su ne suke yin aikin da babban banki ya kamata ya yi a yau, watau tsare yawan kuɗi.

Wannan katanga ta rushe a tsakiyar ƙarni na 19. Tun daga 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano cewa a gaɓar Zanzibar akwai wani irin wuri, ɗan babba kaɗan, mai yawan gaske, mai arha, kuma mutanen gaɓar Legas da Dahomi suna karɓarsa. Faransawan Marsai suka bi sahu. Masana tarihi sun lissafa cewa daga 1851 zuwa 1869 an shigo da fiye da tan 35,000 na wannan wuri cikin Afirka ta Yamma. Dawa ba ta ƙaru da wannan sauri ba, haka tufafi, haka shanu. Kuɗi ne kawai suka ƙaru.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da masanin nan na Amurka, Irving Fisher, ya tsara da lissafi a 1911. A sauƙaƙe, in aka ɗauki yawan kuɗin da ke ƙasa aka ninka da yawan hannuwan da kowane kuɗi yake ratsawa a shekara, abin da aka samu dole ya yi daidai da yawan kayan da aka sayar in an ninka da farashinsu. Saboda haka in kuɗi suka yawaita, saurin zagayawarsu bai ragu ba, kaya kuma suna nan yadda suke, babu inda rarar za ta tafi sai kan farashi. A nan ya kamata ɗalibi ya rarrabe abu biyu da Bahaushe yakan haɗa cikin kalma ɗaya, tsada. In fari ya yi, gero ya yi tsada, amma akuya da riga suka yi arha domin masu su suna neman abinci, wannan matsalar gero ce. In kuwa gero da akuya da riga da ladan ɗan dako duk suka tashi tare, to, ba kaya ne suka yi tsada ba, kuɗi ne suka yi arha. Na biyun shi ake kira hauhawar farashi, kuma maganin na farko ba ya warkar da shi.

Muna da ma'auni ɗaya mai kyau. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, kafin ya wuce ta Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar ana canja dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Zuwa shekarun 1890 dalar ta kai wuri 5,000. Watau keson da yake dala takwas ya koma dala huɗu, alhali nauyinsa a kan ɗan dako bai ragu ba. Haƙiƙa ma faɗuwar ta fi haka, domin ita kanta azurfar darajarta tana raguwa a kasuwannin duniya tun daga 1873. Duk da haka, bari in ɗan ratse in ce, ninkawa sau ɗaya cikin shekara arba'in bai kai kashi biyu cikin ɗari a shekara ba. A 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 72.8 cikin ɗari, wanda a wannan gudu wata goma sha biyar ya isa farashi ya ninka. Kakanninmu da wurinsu sun fi mu kwanciyar hankali. Abin da ya rage musu zafin ambaliyar abu biyu ne: tsadar dako daga teku zuwa nan, da kuma bunƙasar ciniki a daular Sakkwato, wadda ta shanye wani kaso na sababbin kuɗin. A Legas da Wida, inda jiragen suke sauke kaya, faɗuwar ta fi muni nesa ba kusa ba.

Amma nauyin ya zama cuta. Baturen nan C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin yadda sayar da dokinsu ya gagara, domin kuɗinsa a wuri sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladansu kuwa zai cinye kuɗin ya nemi ƙari. Saboda haka manyan fatake suka riƙa ajiye dukiya a dalar azurfa, da turamen tufafi, da dawaki, da kuma mutane. Dole a faɗi wannan ba kunya: bawa ya zama babbar takardar kuɗi, mai kai kansa kasuwa da ƙafarsa. Raunin kuɗi ba shi ne asalin bauta ba, amma ya ƙara mata kasuwa. Wanda ya ba da bashin keso goma aka biya shi bayan shekara ashirin ya yi hasara, wanda ya ci bashin ya ci riba, sarakuna kuma suka riƙa ƙara adadin wurin da ake biya na haraji don su cike giɓi. Hauhawar farashi ba ta cin kowa daidai. Tana ɗebe wa mai bin bashi da mai ajiya da mai tsayayyen albashi, ta miƙa wa wanda ake bi da wanda kuɗin suka fara faɗawa hannunsa.

Turawan mulki sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a 1904 kuma suka hana shigo da wuri. Ba su iya hana mutane amfani da shi da doka kawai ba, sai suka bi ta haraji. Da aka ce haraji da jangali sai da tsabar Bature, dole kowane magidanci ya nemi abin da zai sayar wa mai sule, auduga ko fata ko kirgi ko ƙarfinsa. Wannan shi ne darasi na biyu: abin da yake ba kuɗin gwamnati gindin zama shi ne ita gwamnatin da su take karɓar haƙƙinta. Harshe ya ajiye mana shaidar wannan sauyi. Rabin kwabo sunansa ɗari, domin wuri ɗari ne canjinsa. Dala, sunan azurfar da, ta koma kan sule biyu, a Nijar kuma har yanzu tana nufin faran biyar. Anini kuwa, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huji a tsakiya, an fara buga shi wajen 1907 don ya maye gurbin wuri a cinikin cefane, domin kwabo ya yi wa talaka girma.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mai zama a Landan. Ƙa'idarta ita ce ba ta fitar da fam ɗaya a nan sai an ajiye fam ɗaya na Ingila a can. Wannan ya tsare darajar kuɗi sosai, babu mai musu. Amma ma'anarsa ita ce yawan kuɗin da ke yawo a Jega ya dogara kacokan ga abin da Nijeriya ta sayar a waje. Da kasuwannin duniya suka karye a 1929, farashin gyaɗa da auduga da fata ya faɗi warwas, kuɗi suka janye daga karkara kamar ruwan fadama da rani. Haraji kuwa bai sauka daidai da farashi ba. Manomin da a da damin dawa kaɗan yake biya masa haraji, sai ya wayi gari yana buƙatar ninkinsa don ya sami sulallan nan dai. A takardar Di'o ba a ƙara masa ko anini ba, a rumbunsa kuwa an ƙara masa da yawa. Mutane suka tafi cin rani kudu da Gwalkwas neman tsaba, a wasu kasuwannin ƙauye kuma wuri ya sake fitowa daga tukwane, aka koma musaya. Wannan ita ce cuta ta biyu, karyewar farashi saboda ƙamfar kuɗi, kuma irinta ce ta sa John Maynard Keynes ya rubuta babban littafinsa a 1936, inda ya nuna cewa gwamnatin da ta tsuke aljihu a lokacin da kowa ya tsuke nasa tana ƙara zurfin ramin ne. Gwamnatin mulkin mallaka tsukewar ta yi, ta rage ma'aikata da ayyuka, En'e kuma tana da ajiya a bankunan Ingila.

Ita Jega a lokacin ta riga ta sha wani dukan. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa zuwa ƙasar Gwandu ba. Goro ya koma biyowa ta teku zuwa Legas sa'an nan ta dogo zuwa Kano. Ayari ya watse, fatoma ya rasa baƙi.

Da aka buɗe Babban Bankin Nijeriya ranar 1 ga Yuli 1959, ikon yanke yawan kuɗi ya dawo gida a karo na farko. Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a fam ɗaya, shi ya sa jaka, wadda take fam ɗari, ta zama naira ɗari biyu. Ba a jima ba aka gwada wannan iko. Kuɗin man fetur sun yi ambaliya daga ƙarshen 1973, a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya rage hatsi da dabbobi a Arewa. Tsadar fari da arhar kuɗi suka haɗu, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari a 1975. Ma'aikata, ina roƙon ku gafara, amma a wannan karo ku ne kuɗin suka fara faɗawa hannunku. Kafin su gangaro Aliero da Mungadi, rediyo da keke da kwanon rufi sun riga sun tashi. A ganina kuskuren ba ƙarin albashin ba ne, domin ma'aikata sun cancanta, kuskuren shi ne zuba shi gaba ɗaya cikin kasuwar da ba ta da kayan da za ta tare shi.

Akwai kuma ɓarna ta ɓoye, ta hanyar canji. A 1980 dalar Amurka ba ta kai kwabo sittin ba. Birni ya ji daɗi, amma naira mai ƙarfi ta sa shinkafar Tailan da ta Amurka ta fi ta fadamar Kabi arha a kasuwar Legas, manomi ya rasa mai saye. Da farashin mai ya karye, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki naira a watan Satumba, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Dala ta haura naira huɗu a 1987, a 2024 ta wuce naira 1,500. Yankin nan kuwa maƙwabcin Nijar da Binin ne, saboda haka canjin naira da sefa abin yau da kullum ne a Kamba da Illo. In naira ta faɗi, hatsinmu ya yi wa mutanen Doso da Gaya arha, sai ya tsallaka. Da aka rage darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, shanun Nijar ne suka yi wa masu naira sauƙi.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da kowane mai tsara kasafi ya kamata ya riƙe, tsakanin adadi da ainihi. Mu ƙaddara manomin albasa a Danwarai ya sayar da buhu a kasuwar Aliero da ninkin kuɗin bara. In taki da man injin ban ruwa da kuɗin mota zuwa kudu sun ninka sau uku, to, aljihunsa ya fi nauyi, gidansa ya fi talauci. Haka abin yake ga ƙasa. Jimlar abin da ƙasa ta samar a shekara, in an ƙidaya ta da farashin shekarar, tana iya tashi ba tare da an ƙara ko kwandon albasa ɗaya ba, shi ya sa ake auna ta da farashin wata shekara tsayayya. Shi kansa ma'aunin aikin hannun mutum ne. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, arzikin Nijeriya na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510 a rana ɗaya, ba wanda tuwonsa ya ƙaru. Ga kuma geron da aka noma aka ci a gida, da surfe da ɗiban ruwa da sana'ar matan kulle, waɗanda kintatarsu ake yi ko a bar su. Kasafin da ya ƙaru da kashi ashirin a shekarar da farashi ya tashi da kashi talatin, raguwa ya yi, komai tafin da aka yi wa mai karanta shi.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo cutocin biyu a jere. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kabi, noman shinkafa ya ƙaru, amma bashi mai yawa bai dawo ba, kuma bankin ya riƙa ba Gwamnatin Tarayya rance har ya wuce naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2022. Wannan ƙirƙirar kuɗi ce, wurin Zanzibar na zamani, sai dai wannan karo ba daga Hambug ya zo ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki canji a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, watau ta koma inda take zamanin Udoji. Jakar da a 1973 ake sayen shanu da ita, a 2024 ba ta sayen mudun gero.

A tsakiyar wannan ambaliya kuma aka yi ƙamfa. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. An taɓa yin irin wannan a watan Afrilu na 1984, har da rufe iyakoki. A watannin Janairu da Fabrairu na 2023 kasuwannin karkara, inda banki yake nesa kuma ciniki da tsaba ake yinsa, suka ga abin da kakanninsu suka gani bayan 1929. Kaya ɗaya ya sami farashi biyu, na mai tsaba da na mai turawa ta waya. Naira ta zama haja, ana sayenta da naira a wurin masu na'urar cire kuɗi. Mai kayan gwari, wanda albasarsa da tumatirinsa ba su jiran umarnin banki, ya karyar ya sayar wa duk mai takarda a hannu, wasu kuma suka koma musayar hatsi da kayan miya. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya.